Duwatsun Kawu Arzika

Mun kafa tanti a bakin fadamar Illo,
koren tamfol da na sayo a kasuwar Jega,
da faci biyu, yana warin man inji.
Igiya ɗaya ta tsinke,
muka ƙulla da tsumman rawani.

Da la'asar sanyi ya aiko da sallama,
kafin isha ya shigo ba izini.
Sanyin kogi ba irin na gari ba ne,
ta ƙasa yake bi kamar gara,
ya ci tabarma, ya ci bargo,
sannan ya tambayi inda ƙashi yake.

Na cika kurfoti da gawayin ƙirya,
ina fifita da murfin kwano.
Garwashi ya buɗe jajayen idanu,
na ɗauka zan shiga da shi.

Kawu Arzika bai ɗaga murya ba.
Ƙafa ya miƙe ya tare ƙofa.
"Wanga ba ya kwana ciki."
Na ce, "Kawu, haƙorana kaɗawa suke."
Ya ce, "Bar su su kaɗa, Tunau,
mai rai ne ke jin ɗari."

Ya daɗe yana duban ruwa
kafin ya ambaci Nomau,
wanda ke sauko da dinya daga sama da harbi ɗaya,
wanda suka raba ƙwaryar fura shekara goma sha tara.
"Ya toshe kowace kafa da tsumma,
ya jawo kaskon wuta kusa da kai.
Ba hayaƙi, ba ƙuna, ba ihu.
Da asuba na ɗaga tamfol in tashe shi salla,
ɗaki da ɗumi kamar cikin uwa,
shi kuwa ya riga ya tafi.
Har karensa."

Ban ce komai ba.
Na fitar da kurfoti, na ajiye a sarari.

Ya ce in hau tudu in kwaso duwatsu,
ban da na bakin ruwa,
masu ƙoshi da kogi, su wuta ke fasawa.
Na kawo bakwai, kowanne kamar kan tunkiya.
Muka hura wuta taku goma daga tanti,
ta inda iska ke fita,
muka jera su a tsakiya kamar dankali,
muna gasa ɗan kifin da muka saya wurin Sarkawa.

Da suka yi zafi har toka na tsalle a kansu,
muka gara su da itace mai baki biyu
zuwa ramin da ya haƙa da wuƙar farauta.
Yashi a kai, kamu ɗaya,
tabarma a kan yashi.
Ƙaramin cikinsu ya naɗe da buhun algarara
ya tura mini wajen ƙafa.
A saman tanti ya bar tsaga
faɗin tafin hannu.
Ta nan na ga tauraro ɗaya,
ta nan sanyi ke leƙowa, ya ga ba wurinsa, ya koma.

Ɗumi ya taso a hankali daga ƙasa,
ba gaggawa, kamar gaisuwar tsofaffi.
Kare Ba-ruwana ya shiga tsakaninmu ya yi ajiyar zuciya.

Washegari zabi biyu kawai muka samu,
ɗayar ma kare ne ya kama.
A gida za su yi mana dariya, su yi.

Abin da na riƙe daga wannan fita
ba nama ba ne.
Sau uku cikin dare na ji hannu a kafaɗata.
"Tunau?"
"Na'am, Kawu."
Sai shiru, sai numfashinsa ya sauka.
"Shi ke nan. Koma barci."