Dangwale

Litinin na je Ƙofar Kudu,
hoton Baba a jaka, sunansa a baka.
Akawu bai ko ɗago kai ba:
"Wace unguwa?" Na ce Madigawa.
Ya ce, "Kin yi ɓatan kai, ki nufi Dala."

A Gwammaja aka ce mai makulli ya fita salla.
Na zauna kan benci mai ƙafa uku da bulo
har inuwar darbejiya ta tsallake kwata.
Ya dawo da goro a kunci, ya ce,
"Shekarun da kike faɗa ba a yanka mu ba tukuna,
koma can inda kika baro."
Kuɗin adaidaita ya cinye na cefane.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba:
layi ɗaya da zai ce Barau mai gyaran agogo
ya taɓa riƙe rumfa a Kurmi.
Alƙali ba ya karɓar "ai kowa ya sani",
waɗanda suka sani ɗin kuwa
suna kwance kusa da shi a Ƙofar Mazugal.

Mutumin da ya saita wa rabin birni lokaci,
ga shi an rasa inda aka ajiye nasa.

Ran Alhamis, a ɗakin ƙurya,
Malama Tasalla, saura wata biyu ta aje aiki,
ta dube ni ta saman tabarau,
ta ce, "Riƙe min mayafi."
Ta durƙusa ta zaro kundi daga ƙasan tari.
Gara ta yi kalaci da shekara huɗu,
yoyon damina ya shanye biyu,
sauran na warin ɓera da tsohon tawada.

Muka bi layi da yatsa, muna lasar miyau.
Babu Barau.
Akwai Baro, kamar abin turin yashi,
rumfa ta goma sha shida, ya biya, ya biya, ya biya.
Gaban sunan babu sa hannu,
sai dangwalen babban yatsa, shuɗi,
da farin zare ya ratsa tsakiyarsa.

Na san zaren nan.
Ina 'yar shekara shida, yana fere min rake,
na ja masa hannu don gajen haƙuri.
Bai yi faɗa ba, ya tsotse jinin,
ya miƙo min gaɓar da ta fi zaƙi.

Tasalla ta ce, "Dubi na ƙasa."
Rumfa ta goma sha bakwai, Ɗantala mai tabarau.
Ɗantalan da aka hana mu gaida gidansa,
wanda suka raba jari da Baba a gaban mutane,
ko gaisuwar salla ba ta ƙara haɗa su ba.
Mun ji ɓarin jikinsa ya shanye, mun ce Allah sawwaƙe,
muka ci gaba da tuwonmu.

Gaban sunansa, yatsan nan ne dai mai zare.
Wata bayan wata,
shekara goma sha ɗaya.
Ko Inna ba ta sani ba.

Na ce a buga min hatimi.
Ta ce, "'Yar nan, hatimi ba ya hawa kan tabo.
Ki je kotu ki yi rantsuwa
cewa Baro shi ne Barau,
ki kawo hoto biyu da takardar mai unguwa,
ki dawo Litinin, kafin sha ɗaya."
Ta hure kundin, ta mayar ƙasan tari.

Na fito hannu rabbana.
Mai adaidaita ya rage gudu, na girgiza kai.
Na bi ta Jakara a ƙafa, la'asar sakaliya,
ina tsayar da duk mai furfurar da na gani:
"Don Allah, baba, ina ne gidan Ɗantala,
wanda dā yake sai da tabarau?"