Littafin Adashen Gwaggo

Ruwan Agusta ne ya fara komai.
Ya biyo ta hujin kwanon ɗakin Gwaggo Hansai a Kurna,
ya sauka daidai kan littafin adashe.
Tawada ta narke, sunaye suka rungumi juna,
kwasar Lantana ta koma ta Gambo mai koko.
Mata goma sha bakwai a tsakar gida,
kowacce na rantsuwa ita ce ta wannan Juma'ar.

Ina bakin rariya ina cuɗa tukunya,
na ce a raina:
dole akwai takardar da ruwa bai san hanyarta ba.

Wani bene a Titin Gidan Zu,
ƙasa masu gyaran waya, sama mu.
Mu takwas, kwamfuta biyar,
fanka ɗaya mai kukan tsohuwar akuya.
Malam Tukur ya ce, "Shafi gida ne.
Ku fara da tubali, ku bar zancen fenti."
Na rubuta layin farko, na latsa,
farin allo ya amsa: Sannu, Kano.
Na waiga ko wani ya gani.
Babu. Sagir na can yana hura ƙurar madannai.

Sati na uku na gane na'ura ba ta da kara.
Ba ta san "ai kin fahimci nufina" ba.
Bakan da kika buɗe, ke za ki rufe shi,
in kin manta, ta naɗe hannu ta kau da kai
kamar ɗan Kwari da aka yi wa tayin raini.
Sai jan rubutu, jan rubutu,
ba gaisuwa, ba "yi haƙuri".

Dare uku ina farautar kuskure ɗaya.
Wuta ta tafi, ta dawo, ta sake tafiya,
data ta ƙare, na ranta wajen ƙanina.
Ashe waƙafi ne,
ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar gero ba,
ya yi zamansa a layi na tamanin da huɗu.
Na yi ta dariya ni kaɗai
har ladanin unguwa ya gyara murya.

Da muka zo darasin sharaɗi,
idan kaza, to kaza, in ba haka ba, kaza,
sai na ji muryar da na sani tun ina goye.
Ai harshen Gwaggo ne:
idan kin zuba, a rubuta,
in ba ki zuba ba, a aiko yaro.
Shekara talatin tana wannan lissafi da ka
ba wanda ya taɓa ce mata injiniya.

Wata biyar, na kai mata a waya.
Ta goge hannu da gefen zane,
ta taɓa gilashin kamar mai gwada zafin ruwan wanka.
Sunaye suka jeru, kowacce da ranarta.
Ta daɗe tana kallo. Ta ce,
"To ina wurin ɗaga ƙafa?
Ɗan Lantana na kwance a asibiti,
kwasarta sai bayan Sallah,
ni da na jawo ta gaba, ba mai ji."

Wannan ba ya cikin abin da Malam Tukur ya koyar.
Na koma bene, na warware rabin saƙata,
na buɗe wani gurbi, na sa masa suna Uzuri.
Kwana tara na yi ina koya wa ƙarfe kunya.

Yanzu yana aiki. Galibi.
Gwaggo dai ta sayi sabon littafi,
ta naɗe shi a leda biyu, ta tura ƙarƙashin katifa.
"Naki na sama, nawa na ƙasa," in ji ta,
"duk wanda ya riga ɓata, ɗayan ya yi shaida."

Jiya Gambo ta latsa sunanta, shafi ya fito fari fat.
Ga ni nan, ƙarfe ɗaya na dare,
layi na ɗari biyu da shida,
ina bi da yatsa.