Ginshiƙi na Uku

Katin asibiti layi huɗu gare shi:
suna, shekaru, unguwa, sunan miji.
A tsaye na yi tambayar, biro a hannu.
Kumbo na zaune bisa kwali
ƙarƙashin gadar Binuwai,
inda Garwa ke ajiye abin da ta gaji da gani.

Unguwa?
Ta ɗaga haɓa wajen kudu,
ta lissafo Faro, Ngong, fadamar Lagdo,
duk inda jajayen shanunsu suka taɓa kwana
kafin kuɗin fansa ya kore su ɗaya bayan ɗaya.
Layin bai kai tsawon ɗan yatsa ba.
Na rubuta: babu.

Sunan miji?
Ta sunkuyar da kai.
Na maimaita da ƙarfi, kamar mai kiran kurma.
Ta janye ƙafarta mai gyambo, ta ba ni baya.
Na sa a littafi: ta ƙi magani.
Allah ya yafe mini wannan rubutu.

Gwaggo Asabe ce ta warware mini da daddare,
tana tsintar shinkafa, ko kallona ba ta yi ba:
"'Yar Bororo kika tambaya sunan mijinta?
Ko da wuƙa a wuya ba zai hau harshenta ba.
Kin je duba gyambo, kin taka mutunci."

Ran Talata na koma, babu farar riga.
Na tuɓe takalmi a bakin kwalin,
don kwali ma ɗaki ne in shi kaɗai ya rage.
Na durƙusa, na aro Fulatancin kasuwa,
gurgu, mai jan ƙafa.
Ta yi dariya har da tari.
Muka gaisa, muka sake gaisawa,
har inuwar gada ta tsallake mu.
Ƙafar dai ban taɓa ta ba.

A Talata ta uku da kanta ta miƙo.
Akwai dakakken ganye a kai, da man shanu,
ban san inda ta samo ba, ban san me ta sayar ba.
Na tambayi sunan ganyen.
Ta faɗa, na kasa, ta gyara mini sau biyu.
Sannan na ce, "In wanke?"
Ta ce, "Wanke. Amma sannu,
ƙafar nan ta girmi asibitinku."

Gyambon bai rufe ba tukuna.
Wani mako ta sha ƙwayar, wani mako ta raba da maƙwabciya,
mu yi faɗa kaɗan, ta ba ni rabin goro.

Jiya shugaban sashe ya ɗaga katin:
"Wannan layi fa, me ya sa fari?"
Na ce mai shi ce ke riƙe da shi.
Ya dubi na sama, inda na soke babu,
ya karanta a hankali:
gadar Binuwai, ginshiƙi na uku,
a yi sallama.