Ɗakin Lawandi a Rafindadi

Ku da ke cajin waya a shagon nan,
ku ɗaga kai ku dubi rufi.
Ƙusoshin can kwalin ƙwai suka riƙe
shekara talatin da ɗoriya.

Lawandi mai gyaran rediyo
ya sayar da gonarsa ta Batagarawa,
ya sayo na'ura mai faifai biyu,
gari ya ce ya taɓu.
Ya toshe taga da tsohuwar katifa,
ya rataye makirfo da igiyar guga.
Ni ne yaron da ke korar kaji a ƙofa.

Mai gurmi ya tako daga Mashi da ƙafa,
'yan kalangun Jibiya a bayan a-kori-kura.
Tsahare mai shantu ta zo da zugarta,
aka kashe fanka don kar ta shiga faifai.
Gumi har gwiwa, ba mai tari.
In ladan ya ɗaga murya, a dakata.
In wuta ta ɗauke a tsakar baiti,
a yi salati, a koma fari.

Akwai kaset ɗin da zakara ya yi cara a ciki.
Laifina ne, na sha rankwashi.
Shi ya fi kowanne kasuwa:
har Maraɗi ana cigiyar mai zakara.

Sai sidi ya zo, sai memori,
sai yaro da kwamfuta a ɗakin uwarsa
yana kaɗa kalangu ba fata, ba makaɗi.
Layin ƙofarmu ya zama mutum uku,
ya zama ɗaya,
ya zama akuya tana tuƙa a inuwa.

Lawandi ya kwanta dama ana yabanya.
Magada suka raba kwano da azara,
gara ta gaji sauran.
Kwali guda na tsere da shi.

Bara wata mata ta zo daga Dutsin-ma,
ta ce ubanta ya taɓa waƙa a nan,
tana goye ya rasu, ba ta san muryarsa ba.
Na hure ƙura, na sa biro na naɗe zare.
Kafin gurmi ya tashi
sai ga gyaran murya, sai ga shi:
"Lawandi, a ɗan ba ni ruwa."

Ta ce in mayar.
Ba waƙar ba, wurin ruwan.
Sau bakwai na mayar,
har aka kira magariba.