Kunya a Kan Zinariya

Hoton ya shigo wayata bayan isha'i,
ina zaune a ƙofar shagon Baba Manu a Jekadafari,
inda yake narka gwangwani ya zuba tukwanen dalma.
Wata huɗu ke nan da na aika samfurin,
ɗan ɓallin zinariya da bai kai farce ba,
da ruwan sabulun da za a ɗiga masa.

Na buɗe, sai ga gona.
Kunya bayan kunya, a miƙe sambal,
ba garma, ba shanun huɗa.
Daga wannan zuwa waccan,
sai an tsaga silin gashi gida dubu goma
kafin a sami abin awo.

Ƙwayar sabulu zuciya biyu gare ta.
Kanta na son ruwa,
jelarta na gudunsa kamar akuya ta ga hadari.
In ba su da yawa sai su kwanta rub da ciki a kan ƙarfen,
kowacce ta baje son ranta.
Da wuri ya ƙure
sai su cusa jela ciki, su juyo da kai waje,
kafaɗa da kafaɗa,
kamar 'yan cin kasuwar Kumo a bayan a-kori-kura,
sai dai su ba su da kwandasta.

Kuma ba su ke zaɓar inda layi zai dosa ba.
Ƙarfen da ke ƙasa, da nasa tsarin da bai faɗa wa kowa ba,
shi ke nuna hanya.

Na miƙa wa Baba.
Ya goge hannu a gefen riga,
ya nisanta wayar da idonsa, ya matso da ita.
"Wa ya jera su?"
Na ce ba kowa.
"Ba kowa," ya maimaita, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

Can ya jawo tukunyar da ta huce,
ya goga mata sabulu, ya ɗaga ta saitin fitila.
"Shekara talatin ina wankin nan, Dudu,
ashe noma nake ban sani ba."

Na so in ce dalma ba zinariya ba ce,
nata fasalin daban, ban ma duba ba tukuna.
Na yi shiru.
Kumfa na gangarowa ta gwiwar hannunsa,
shi kuwa bai ɗauraye ba.