Benci na Goma Sha Bakwai

Ran Talata aka aiko mini yaro har Asawase,
wai Fada Ayine na kira, gara ta ci benci.
Na ɗauki zarto da gudumar Baba Gariba,
wadda ƙotarta ta yi sulɓi da gumin mutum biyu.

Ban taɓa shiga ba.
Shekara arba'in ina bin gindin hasumiyar nan mai kusurwa huɗu,
in ƙararrawarta ta buga sha biyu
na san azahar ta ƙarato, in fara kakkaɓe dusar katako.

A bakin ƙofa na tuɓe takalmi.
Atinga mai shara ya yi dariya:
"Malam, mu nan da takalmi muke shiga."
Na ce ƙafata ba ta saba ba, ƙyale ta.

Ciki da sanyi kamar randa.
Rufi can sama, haƙarƙarin katako a jere,
sai ka ce kwalekwale aka kife, aka zauna ƙarƙashi.
Odum ne. Ko a duhu na san shi.
Bulon bango an bar masa huji-huji don iska ta ratsa,
taga kuwa ja da shuɗi da ruwan ɗorawa,
rana ta biyo ta ciki ta rina mini bayan hannu.

Atinga bai iya shiru ba.
Wai da fari rumfar kwano ce kawai,
da guntun ƙarfen layin dogo rataye a mangwaro.
Manoman koko suka yi karo-karo, buhu-buhu,
matan kasuwa suka ɗauko yashi a ka daga rafi,
leburori 'yan Arewa, su kakansa,
suka haƙa harsashi bayan an tashi aikin Bature.
Ƙararrawa ta ƙetaro teku, ta hau jirgin ƙasa,
ranar da aka ɗaga ta ta tsage a leɓe,
shi ya sa har yau muryarta a dishe take.

Ya nuna mini kwanon dutse na ruwan albarka,
bagadi lulluɓe da kente,
jar fitila da ba ta mutuwa ko an ɗauke wuta,
sassaƙa goma sha huɗu a bango, ɗaya ta rasa ɗan yatsa,
ganguna biyu a lungu,
da ɗan ɗaki mai labule inda ake faɗin laifi.
Na auna shi da ido: kamu uku.
Na ce a raina, nawa ba zai shiga nan ba.

Muka kife bencin.
Gara ta yi aikinta, ƙafa biyu sun koma gari.
Amma a cikin katakon, inda fenti bai kai ba,
ga rubutun fensir, ajami, ya karkata hagu:
Bismillahi. Gariba kafinta. Saura takwas.

Na zauna a siminti.
Tsohon nan ya ba ni labarin kowace ƙofa da ya kafa a Kumasi,
har ta mai goron da ya cinye masa kuɗi,
wannan kaɗai ya tafi da ita kabari.
Kunya ce? Ko dai a wurinsa aiki ne kamar kowane aiki?

Na fere sababbin ƙafafu, ban sa ƙusa ba,
haɗin turmi na yi, yadda ya koya mini da ranƙwashi.
Maame Pokuaa, wadda wurin zamanta ke nan tun tana amarya,
ta zo ta zauna, ta girgiza, ta sake girgizawa,
ta ce ya yi.

Sai ƙararrawa ta buga, a dishe.
Atinga ya fito da ruwa a gwangwani da kwali mai tsabta,
ya shimfiɗa mini a inuwar mangwaron,
ya nuna gabas da tsintsiyarsa.
Ya ɗan kauce, na gyara masa.

Fensir ɗin yana bayan kunnena.
Ban rubuta kome ba.