Ungozoma a Gado na Tara

Shekara huɗu da ɗaukewar al'adata,
sai ga ɗigo a zanen barci, daren Talata.
Tambayar farko da ta zo mini ba ta mutuwa ba ce:
in yi sallar asuba ko in bari?

Ni da na san amsa.
Shekara ashirin da biyu ina karɓar haihuwa a Shafil,
na sha gaya wa mata,
jinin da ya yi sallama ya dawo
ba baƙon arziki ba ne, kar ku shimfiɗa masa tabarma.
Ni na ba shi wata uku.
Wanzami ba ya son jarfa.

Dakta Moira ta juyo mini da allon hoto,
ba ta ja zance ba, ta san na iya karatu.
Shimfiɗar mahaifa ta yi kauri,
ƙwan hagu ya tasa kamar goruba.
Daji ne, ta ce, iri ɗaya a wuri biyu,
ba mu san wanda ya riga wani ba tukuna.
Na ce, tagwaye ke nan.
Ba ta yi dariya ba.

A bas, ruwa na bin gilashi.
Na wuce tasharmu har biyu ban sani ba.
Tanimu ya ji, ya tashi ya wanke tukunyar da ya riga ya wanke.
Inna ta kira daga Malumfashi,
na ce mata sanyi ne ya shaƙe mini murya.

Ranar Alhamis suka kwashe duka.
Ɗakin da Rumasa'u ta yi wata tara,
inda Jabiru ya kwanta a gicciye don rigima,
an sa shi a roba, an manna sunana,
an tafi da shi bene na ƙasa.
Ko sallama ban yi masa ba.

Yanzu ɗinki na ja in na yi tari.
Sakamako sai bayan kwana goma.
Ina salla a kwance, da ka da ido.

Cikin dare, ta bututun ɗumama ɗaki,
nishin wata na hawowa daga ɗakin haihuwa.
Hannuna ya nemi agogon ƙirji, babu.
Na ƙirga da yatsu.
Minti uku-uku.
Ta kusa.
Wani ya ce mata kar ta yunƙura tukuna.